Me ya sa komawa mulkin farar hula ya ci tura a ƙasar Bama?

Mai Neman Sani ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina da tambaya game da ƙasar Bama, wadda sojoji suka sauya wa suna zuwa Myanmar a 1989. Abin da na fahimta shi ne, sojoji sun riƙe ƙasar tun daga juyin mulkin Janar Ne Win na 1962, sai a 2011 suka kafa gwamnatin da aka ce ta farar hula ce, aka saki fursunonin siyasa, aka sassauta wa 'yan jarida, har jam'iyyar NLD ta Aung San Suu Kyi ta lashe zaɓen 2015 ta kafa gwamnati. A lokacin ƙasashen Yamma sun yi ta yabon wannan sauyi, Amurka da Tarayyar Turai suka janye mafi yawan takunkumansu, shugaba Obama ma ya ziyarci ƙasar a 2012. Amma da asubahin 1 ga Fabrairun 2021, ranar da sabuwar majalisa za ta fara zama, sojoji suka kama Suu Kyi da shugaban ƙasa Win Myint, suka karɓe mulki, kuma tun daga ranar ƙasar take cikin yaƙi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, shin an taɓa miƙa mulkin da gaske a waɗannan shekaru goma, ko kuwa yaudara ce tun farko? Sannan ina so in san ko 'yan siyasar farar hula suna da nasu kason na laifi, domin duk abin da nake ji ana ɗora wa sojoji ne kawai. Zan yi godiya idan masu sani suka warware mini.

Ɗalibin Shari'a ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Amsar tambayarki ta farko tana cikin kundin tsarin mulkin 2008, kuma duk wanda ya karanta shi da natsuwa ba zai yi mamakin abin da ya faru a 2021 ba, ko da ya yi baƙin ciki.

Kafin a zo kansa, ya kamata a tuna darasin da sojojin suka ɗauka daga zaɓen 1990. Bayan sun murƙushe boren 1988 da bindiga, sun yarda a yi zaɓe a watan Mayun 1990 suna zaton jam'iyyar da suke goyon baya za ta yi nasara, sai NLD ta ci kujeru 392 daga cikin 485, alhali shugabarta tana ƙarƙashin ɗaurin talala tun watan Yulin 1989. Sojoji suka ƙi miƙa mulki, suka ce ai an zaɓi mutanen ne don rubuta kundin tsarin mulki kawai. Daga nan suka ƙuduri aniyar ba za su sake shiga zaɓe ba sai sun tsara dokar da za ta tabbatar musu da iko ko da wa ya ci. Babban taron rubuta kundin ya fara a 1993, bai ƙare ba sai 2007, kuma su ne suka zaɓi mafi yawan wakilansa. A 2003 suka fito da taswirar matakai bakwai zuwa abin da suka kira dimokuraɗiyya mai da'a, wato wadda soja ke tsawatar wa. An yi ƙuri'ar raba-gardama a kan kundin a watan Mayun 2008, kwanaki kaɗan bayan guguwar Nargis ta afka wa yankin bakin kogin Irrawaddy, inda mutane kusan 138,000 suka mutu ko suka ɓace, gwamnati kuma tana jan ƙafa wajen barin masu agaji na waje su shigo. A wannan hali ne ta sanar cewa sama da kashi 92 cikin ɗari sun amince da kundin.

Ga abin da kundin ya ƙunsa. Kashi ɗaya cikin huɗu na kujerun kowace majalisa na sojoji ne masu kaki, babban kwamandan askarawa ne ke naɗa su, ba zaɓarsu ake yi ba. A majalisar tarayya mai kujeru 664, suna da 166. Sashe na 436 kuma ya ce ba a gyara muhimman sassan kundin sai da amincewar fiye da kashi 75 cikin ɗari na 'yan majalisa, ma'ana ko da dukkan zaɓaɓɓu sun haɗa kai, sai sun samu aƙalla soja ɗaya ya bijire wa shugabansa. Ma'aikatu uku, tsaro da harkokin cikin gida da harkokin kan iyaka, babban kwamanda ne ke ba da sunayen ministocinsu daga cikin hafsoshinsa, saboda haka 'yan sanda da gidajen yari ba sa hannun zaɓaɓɓiyar gwamnati. Har zuwa ƙarshen 2018 ma, sashen da ke kula da mulkin gundumomi da ƙauyuka yana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida ne, wato jami'in da talaka ke zuwa wurinsa neman takarda ko rajistar fili, umarninsa daga soja yake fitowa. Ɗaya daga cikin mataimakan shugaban ƙasa biyu ko shi shugaban kansa dole ya kasance wanda sojojin majalisa suka tsayar. Shugaban ƙasa ba shi ne kwamandan askarawa ba, kotunan soja ba sa ƙarƙashin kotun ƙoli, sannan sashe na 445 ya hana a tuhumi gwamnatocin sojan da suka gabata kan abin da suka aikata. Sai kuma sashe na 59, wanda ya haramta shugabancin ƙasa ga duk wanda mijinsa ko matarsa ko 'ya'yansa 'yan wata ƙasa ne, kowa kuma ya san mutum ɗaya aka nufa da shi, domin mijin Suu Kyi marigayi ɗan Birtaniya ne, haka 'ya'yanta biyu.

Saboda haka a ganina abin da aka yi a 2011 kamar mutum ne ya ba ka doki ya riƙe linzami. Janar Than Shwe, shugaban mulkin soja na lokacin, ya yi murabus, ya ɗora Thein Sein, wanda tsohon janar ne kuma firaministansa, a kan kujerar shugaban ƙasa, ya ba Min Aung Hlaing ragamar rundunar soja. Ba a tilasta wa sojoji wannan sauyi ba, ba a ci su da yaƙi ba, ba kuma a zauna da su an yi yarjejeniya ba. Su suka tsara shi daga matsayin ƙarfi, don su rage dogaro da ƙasar Sin, su samu a cire musu takunkumi, su kuma tsare dukiyarsu. NLD ta san da haka, shi ya sa ta ƙaurace wa zaɓen 2010, amma daga baya ta shiga zaɓen cike gurbi na 2012 da fatan za ta gyara kundin daga ciki. Lauyanta, U Ko Ni, wanda Musulmi ne, shi ne ake danganta wa dabarar ƙirƙiro muƙamin mai ba ƙasa shawara da ya ba Suu Kyi damar jagorantar gwamnati a 2016, kuma yana cikin masu neman a rubuta sabon kundi gaba ɗaya. An harbe shi a filin jirgin saman Yangon ranar 29 ga Janairun 2017, kuma cikin waɗanda kotu ta samu da hannu a kisan akwai tsofaffin hafsoshin soja. Da NLD ta kawo ƙudurorin gyaran kundin gaban majalisa a watan Maris na 2020, sojojin majalisa sun kayar da duk wanda ya taɓa ikonsu.

Dattijon Zaure ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan doka, Allah ya ƙara sani. Sai dai ni ina ganin idan aka tsaya a kan soja da Suu Kyi kaɗai, an bar rabin labarin, domin matsalar Bama ta girmi mulkin soja. Tambayar da ba a taɓa amsawa ba tun samun 'yancin kai a 1948 ita ce, ƙasar ta wace ce?

Ƙabilar Bamar, mabiya addinin Buddha da ke zaune a tsakiyar ƙasar, su ne kimanin kashi biyu cikin uku na jama'a. Sauran, irin su Shan da Karen da Kachin da Chin da Mon da Rakhine da Karenni, suna zaune ne a duwatsu da kan iyakoki, kuma Turawan Ingila sun mulki yawancin yankunan duwatsun dabam da tsakiyar ƙasar. A watan Fabrairun 1947 Janar Aung San, mahaifin Suu Kyi, ya zauna da shugabannin Shan da Kachin da Chin a garin Panglong, ya yi musu alkawarin cin gashin kai a harkokinsu na cikin gida idan suka yarda a karɓi 'yanci tare. Watanni biyar bayan haka aka kashe shi tare da wasu ministocinsa, alkawarin kuma ya bi shi kabari. Karen sun ɗauki makami a 1949, Kachin a 1961, shekarar da firaminista U Nu ya mayar da addinin Buddha addinin gwamnati alhali yawancin Kachin da Chin Kirista ne. Shi kansa Ne Win, hujjar da ya kafa ta juyin mulkin 1962 ita ce shugabannin Shan suna neman tsarin tarayya, wanda a cewarsa zai wargaza ƙasa. Shugaban ƙasar na farko, Sao Shwe Thaik, wanda basaraken Shan ne, a tsare ya rasu a wannan shekarar.

Wannan yaƙin basasa da ba ya ƙarewa shi ne abincin rundunar sojan. Da shi take cewa ita kaɗai ce ke riƙe da ƙasa, da shi take cin kasafin kuɗi, kuma a cikinsa ta saba da ƙona ƙauyuka da raba mutane da gonakinsu don yanke wa 'yan tawaye abinci da kuɗi da labari da sababbin mayaƙa. A watan Yunin 2011, daidai lokacin da duniya ke tafa wa Thein Sein, yarjejeniyar tsagaita wuta ta shekara 17 da Kachin ta rushe, mutane kusan dubu ɗari suka rasa matsugunansu. Yarjejeniyar tsagaita wuta ta ƙasa da aka sa wa hannu a watan Oktoban 2015, ƙungiyoyi takwas ne kawai suka shiga da farko, mafi ƙarfinsu kuma, irin su Wa da Kachin, suna waje.

A nan ne nake amsa tambayarki ta biyu, 'yata. Ƙananan ƙabilu da yawa sun zaɓi NLD a 2015 suna zaton 'yar Aung San za ta cika alkawarin mahaifinta, amma abin da suka gani ya sanyaya musu gwiwa. A jihar Rakhine jam'iyyar 'yan yankin ce ta fi kowa kujeru a majalisar jiha, amma NLD ta yi amfani da ikon da kundin sojoji ya ba shugaban ƙasa ta naɗa nata mutumin ya shugabanci jihar. A jihar Mon an sa wa wata gada sunan Aung San duk da zanga-zangar mutanen wurin, a jihar Kayah kuma aka kafa mutum-mutuminsa aka kama matasan da suka nuna ƙin amincewa. Tarukan zaman lafiya da ta fara a 2016 da sunan Panglong ba su haifar da wani abin a-zo-a-gani ba. Waɗannan ba sojoji ne suka tilasta mata ba. Jam'iyyar da ta sha wuyar danniya ta kasa gane cewa rinjayen ƙuri'a bai isa ya gina ƙasa mai ƙabilu da yawa ba.

Uwar Marayu ta amsa:

Baba ya ambaci ƙabilu da dama, amma akwai waɗanda ko a jerin ƙabilu 135 da gwamnati ta amince da su ba a sa su ba, kuma ba zan iya karanta wannan tattaunawa in yi shiru a kansu ba. Musulmin Rohingya na jihar Rakhine, dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta bar mafi yawansu ba su da ƙasa, amma abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, a shekarun da ake kira na buɗe fagen siyasa ne halinsu ya fi muni. Sun kaɗa ƙuri'a a 1990 da 2010, har sun samu wakilai a majalisa. A rikicin 2012 aka kori sama da mutum dubu ɗari zuwa sansanoni a kewayen Sittwe, inda da yawansu suke har yau. A 2015 gwamnatin Thein Sein ta soke katunan wucin gadi da suke zaɓe da su, ta kuma zartar da dokoki huɗu kan aure da sauya addini da haihuwa, waɗanda ƙungiyar limaman Buddha masu tsattsauran ra'ayi ta Ma Ba Tha ta matsa a yi. A wannan zaɓen da duniya ta yaba, NLD ba ta tsayar da Musulmi ko ɗaya takara ba.

Sannan aka zo watan Agustan 2017. Bayan harin da ƙungiyar mayaƙan Rohingya ta ARSA ta kai wa ofisoshin 'yan sanda, sojoji suka shiga ƙona ƙauyuka da kisa da fyaɗe, har mutane sama da 700,000 suka tsallaka zuwa Bangladesh cikin 'yan watanni. Na yarda Suu Kyi ba ta da iko a kan soja, amma tana da baki, kuma babu wanda jama'ar ƙasar ke saurara kamarta. Gwamnatinta ta hana masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya shiga, ta bari aka yanke wa 'yan jaridar Reuters biyu, Wa Lone da Kyaw Soe Oo, hukuncin shekara bakwai saboda sun bankaɗo kisan mutum goma a ƙauyen Inn Din. Da Gambiya ta kai ƙara Kotun Duniya kan zargin kisan ƙare-dangi, ita da kanta ta tafi birnin Hague a watan Disambar 2019 ta tsaya tana kare ƙasarta, ba ta ko ambaci sunan Rohingya a matsayin al'umma ba. A ganina ranar da aka bar sojoji suka yi wannan ta'asa babu wanda ya tuhume su a cikin gida, ranar suka tabbatar za su iya yi wa kowa. Rundunonin da suka ƙona ƙauyukan Rakhine, irin su runduna ta 33, su aka gani a titunan Mandalay a 2021.

Mai Bibiyar Asiya ya amsa:

Hajiya, duk abin da kika faɗa game da Rohingya gaskiya ne, kuma ba ni da abin da zan kare Suu Kyi da shi a kan wannan. Inda nake so in ɗan saɓa wa Malam Ɗalibin Shari'a shi ne, kada bayaninsa ya sa a ɗauka shekarun nan goma wasan kwaikwayo ne kawai. Ga talakan Yangon ko Mandalay, rayuwa ta sauya ƙwarai. A 2011 Thein Sein ya dakatar da aikin madatsar ruwa ta Myitsone da kamfanin ƙasar Sin ke ginawa saboda jama'a sun ƙi, abin da ba a taɓa gani ba. A 2012 aka daina tace jaridu kafin bugawa, aka halatta ƙungiyoyin ƙwadago, aka saki ɗaruruwan fursunonin siyasa. Layin waya da a da sai mai hali ke iya saye, bayan shigowar kamfanonin Telenor da Ooredoo a 2014 ya koma kyat 1,500 na kuɗin ƙasar, miliyoyin mutane suka shiga intanet a karon farko. Gaskiya ne ta wannan hanyar ce kalaman ƙiyayya ga Musulmi suka bazu a Facebook, kamfanin da kansa ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba. Amma ta hanyar ce kuma aka samu matasan da suka girma ba su san tsoron da iyayensu suka sani ba. Sojoji sun tsara sauyin don amfanin kansu, na yarda, sai dai abin da ya biyo baya ya wuce abin da suka tsara, kuma shi ya sa juyin mulkin 2021 bai zauna ba kamar yadda na 1962 da na 1988 suka zauna.

Mai Neman Sani ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Amma yanzu wata tambayar ta taso mini. Idan kundin ya ba sojoji duk wannan iko, kuma gwamnatin farar hula har kare su take yi a gaban kotu, me suka rasa da har za su rusa tsarin da su suka gina da hannunsu?

Ɗalibin Shari'a ya amsa:

Tambayar tana da kyau, Malama, kuma na karɓi gyaran da Malam Mai Bibiyar Asiya ya kawo, domin yana cikin amsar. An gina kundin ne a kan lissafin cewa jam'iyyar sojoji, USDP, za ta riƙa samun kujeru masu ɗan yawa. Da yake sojoji suna da kujeru 166 a hannu tun kafin zaɓe, abin da suke buƙata shi ne jam'iyyarsu da ƙawayenta su ci kimanin kashi ɗaya cikin uku na kujerun da ake zaɓa, sai su naɗa shugaban ƙasa. A zaɓen Nuwambar 2020 NLD ta ci kujeru 396 daga cikin 476, USDP kuma ta tashi da 33 kacal. Wannan ya nuna musu cewa muddin ana zaɓe na gaskiya, ba za su sake ganin fadar shugaban ƙasa ba, kuma ko kare su da Suu Kyi ta yi a Hague farin jininta ya ƙara, ba nasu ba.

Sai a haɗa da halin da Min Aung Hlaing kansa yake ciki. Zai cika shekara 65 a watan Yulin 2021, lokacin da ya kamata ya yi ritaya. Amurka ta riga ta sa masa takunkumi, masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ambaci sunansa cikin waɗanda ya kamata a gurfanar, Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya kuma ta buɗe bincike tun 2019. Mutumin da ke cikin wannan hali, sauka daga muƙami ba tare da wata kujera ba haɗari ne gare shi. Akwai kuma dukiya. Rundunar tana da manyan kamfanoni biyu, MEHL da MEC, masu hannu a banki da giya da taba da sadarwa da tashoshin jiragen ruwa da haƙar dutsen jed mai daraja a Hpakant, kuɗin da ba ya bi ta majalisa. Duk gwamnatin farar hula da ta daɗe, wata rana za ta nemi ganin waɗannan littattafai.

Hujjar da suka bayar ita ce maguɗi, suka ce sun gano kurakurai sama da miliyan goma a rajistar masu zaɓe, amma masu sa ido na ciki da na waje ba su ga abin da zai sauya sakamakon ba. Zaɓen yana da aibi na gaske, domin an hana Rohingya, an kuma soke shi a yankuna da dama na Rakhine da Shan, amma ba wannan ne ya dami sojoji ba. Kuma ko da ma'aunin kundinsu, abin da suka yi bai halatta ba, domin shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ayyana dokar ta-ɓaci. Sai da suka kama Win Myint, suka ɗora mataimakinsa Myint Swe, wanda tsohon janar ne, sannan ya sa hannu ya miƙa wa babban kwamanda mulki.

Dattijon Zaure ya ƙara da cewa:

Abin da ya rage a faɗa shi ne inda aka kwana. Likitoci da ma'aikatan jinya ne suka fara yajin aikin bijirewa, malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa da na banki suka bi, sojoji kuma suka amsa da harsashi, har a ranar 27 ga Maris 2021 kaɗai, ranar bikin rundunar, aka kashe sama da mutum ɗari. Daga nan matasan Bamar suka nufi duwatsu neman horo a wurin Karen da Kachin da Chin, mutanen da aka koya musu tun suna yara cewa maƙiyan ƙasa ne. Zaɓaɓɓun 'yan majalisa da suka tsira suka ayyana soke kundin 2008, suka kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa a watan Afrilu, suka rubuta tsarin tarayya a matsayin manufarsu, a watan Yuni kuma suka yi alkawarin soke dokar 1982 da amincewa da Rohingya a matsayin 'yan ƙasa. An ga matasa a tituna ɗauke da allunan neman gafarar Rohingya. Wannan shi ne abin da shekarun 2011 zuwa 2021 suka kasa haifarwa, kuma abin takaici ne a ce sai da jini ya kwarara a yankunan Bamar na Sagaing da Magway kafin a kai ga nan.

Amma ba zan ce an kusa fita ba. Yarjejeniyar abubuwa biyar da ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya (ASEAN) ta cimma a watan Afrilun 2021 ba a aiwatar da ita ba, Rasha da Sin suna sayar wa sojoji jiragen yaƙi, kuma da su ake ruwan bama-bamai a kan ƙauyuka, kamar na Pazigyi a watan Afrilun 2023 da ya hallaka sama da mutum 150. A 2022 an rataye 'yan gwagwarmaya huɗu, ciki har da tsohon ɗan majalisa Phyo Zeya Thaw, a 2023 kuma aka rushe NLD, Suu Kyi kuma aka yanke mata shekara 33 kafin a rage zuwa 27. Farmakin da ƙungiyoyin 'yan tawaye uku suka fara ranar 27 ga Oktoban 2023 ya ƙwace garuruwa da dama, har da Lashio, hedikwatar rundunar arewa maso gabas, amma a 2025 ƙasar Sin ta matsa har aka mayar wa sojoji garin. Mutane sama da miliyan uku sun rasa matsugunansu, girgizar ƙasar 28 ga Maris 2025 kuma ta zo ta ƙara wa yankin Mandalay da Sagaing masifa. Zaɓen da sojoji suka fara gudanarwa a ƙarshen 2025 a ƙarƙashin kundin 2008 aka yi shi, ba tare da jam'iyyar da ta ci zaɓuka biyun da suka gabata ba, wato suna so su koma tsarin da Malam ya bayyana, amma a wannan karo su tabbatar babu wanda zai kayar da su.

Ita kuma Hajiya, damuwarta tana nan daram. Rundunar Arakan ta 'yan ƙabilar Rakhine ce yanzu ke riƙe da mafi yawan jihar, har da Buthidaung da Maungdaw inda Rohingya suka fi yawa. Sojojin gwamnati sun tilasta wa samarin Rohingya shiga yaƙi a gefensu bayan sun fara aiki da dokar ɗaukar soja dole a 2024, ita kuma Rundunar Arakan ana zarginta da ƙona gidaje da kashe fararen hula a yankin, zargin da take musantawa. Alkawarin da gwamnatin haɗin kai ta yi wa Rohingya, ba ita ke da iko da ƙasar da za su koma ba, kuma kimanin mutum miliyan ɗaya suna zaune a sansanonin Cox's Bazar da ke Bangladesh, ga tallafin abinci yana ta raguwa.